Hugh Clapperton: Hafsan sojan ruwan da ya zo neman bakin Kwara, ya rasu a Sakkwato

Ranar 16 ga Maris, 1824, wani Bature ya shiga birnin Sakkwato sanye da kwat ɗin laftanar na sojan ruwan Birtaniya, da rawani a kansa da takalman Turkawa a ƙafarsa. Aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Sunansa Hugh Clapperton, amma a duk inda ya bi a Borno da ƙasar Hausa da Abdullahi aka san shi. Shi ne wakilin gwamnatin Birtaniya na farko da ya zauna gaba da gaba da Sarkin Musulmi.

Ranar 15 ga Maris, 1903, wato bayan shekara 79 saura kwana ɗaya, sojojin Birtaniya suka ci birnin da yaƙi. Clapperton bai zo da runduna ba, kuma gwamnatin da ta aiko shi ba ta da shirin mamaye ƙasar a wancan zamani. Duk da haka, abin da aka tattauna tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne tushen abin da ya biyo baya: wane ne zai riƙe hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da teku, kuma a bisa wane sharaɗi.

Asalinsa da shigarsa aikin ruwa

An haifi Clapperton ranar 18 ga Mayu, 1788, a garin Annan da ke gundumar Dumfries a kudancin Sikotlan. Mahaifinsa likita ne mai tarin 'ya'ya da ƙarancin dukiya. Yana ɗan shekara 13 ya fara aiki a jirgin 'yan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Arewacin Amurka, daga nan ya faɗa rundunar sojan ruwa a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Ya halarci yaƙin da Birtaniya ta ƙwace tsibirin Mauritius daga hannun Faransa a 1810. A 1814 aka tura shi manyan tafkunan Kanada, inda ya samu muƙamin laftanar. A 1817 aka mayar da shi gida a kan rabin albashi.

Rundunar da ya yi wa aiki ta masu uwa a gindin murhu ce. 'Ya'yan manyan gidajen Ingila da Sikotlan da Ailan su ne ke saurin hawa muƙami, domin suna da dangi a majalisa ko a hukumar sojan ruwa. Da yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, aka ɗaure jiragen yaƙi, mafi yawan hafsoshi suka koma zaman jira. Ga hafsan da ba shi da kowa a sama, hanya ɗaya ta samun suna ita ce ya karɓi aikin da wasu ke gudu saboda haɗarinsa. Binciken Afirka na cikin irin waɗannan ayyuka.

Abin da ya kawo sojan ruwa cikin hamada

Tun 1796 da Mungo Park ya ga kogin Kwara a Segu yana gudana zuwa gabas, Turawa ke jayayya a kan inda yake ƙarewa. Wasu na cewa yana haɗuwa da kogin Nilu, wasu na cewa shi ne kogin Kwango, wasu kuma na cewa yana ƙafewa a cikin wani tafki. Park ya dawo a 1805 domin bin kogin har ƙarshensa, ya halaka a Busa. Amsar tambayar na da daraja a wurin 'yan kasuwa, domin kogin da jirgi zai iya bi daga teku zuwa tsakiyar ƙasa zai kashe kasuwar ayarin raƙuma.

John Barrow, sakatare na biyu a hukumar sojan ruwan Birtaniya, shi ne ya riƙa ingiza waɗannan tafiye-tafiye. A 1816 ya tura James Tuckey, hafsan sojan ruwa ɗan gundumar Cork ta Ailan, ya hau kogin Kwango ko zai ɓulla Kwara. Zazzaɓi ya kashe Tuckey da mafi yawan hafsoshinsa a cikin shekarar. Da hanyar ruwa ta gagara, sai aka juya ga hanyar fatake ta hamada. Aka haɗa tawagar mutum uku: Dakta Walter Oudney, likitan sojan ruwa, da Manjo Dixon Denham na sojan ƙasa, da Clapperton, wanda abokinsa Oudney ya jawo.

Daga Tarabulus zuwa Kano

Sun tashi daga Tarabulus a 1822, suka yada zango mai tsawo a Murzuk, sannan suka ƙetare hamada ta Bilma. A farkon Fabrairu 1823 suka hangi Tafkin Chadi, ranar 17 ga watan suka shiga Kukawa, inda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya karɓe su. Tun a hanya Denham da Clapperton ba sa ga-maciji, kowa na ganin shi ya cancanci jagoranci. A Borno suka raba gari. Denham ya nufi kudu da gabashin tafkin, Clapperton da Oudney suka nufi ƙasar Hausa a Disamba 1823. Oudney ya rasu ranar 12 ga Janairu, 1824, a kusa da Katagum, Clapperton ya ci gaba shi kaɗai.

Ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta mazaunan birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Ya bayyana tsarin kasuwar birnin, da layin kowace sana'a, da aikin dillalai, da kuɗin wuri, da marinar da ke rina tufafi da baba. A cikin kasuwar ya sayi laimar da aka ƙera a Ingila a kan dalar Sifen uku. Laimar ta ratso hamada a bayan raƙumi, ta bi hannun 'yan kasuwa da dama kafin ta iso Kano. Ga mai karatu a Landan, wannan ƙaramin ciniki shaida ce cewa akwai masu sayen kayan Ingila a nan, abin da ya rage shi ne gajeriyar hanya.

A gaban Sarkin Musulmi

Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a 1817. Malami ne marubuci, kuma tambayoyin da ya yi wa baƙonsa sun nuna haka. Ya tambaye shi game da tsofaffin ɗarikun Kirista, har Clapperton ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. Da aka nuna masa na'urar auna taurari, ya riƙa ambaton sunayen taurari da buruji da Larabci. Ya ta da maganar farmakin da jiragen Birtaniya suka kai Aljaza'ir, da yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Ya kuma mayar da littattafan Denham da suka faɗa hannun mutanensa a lokacin da Denham ya bi wani harin kama bayi zuwa ƙasar Mandara a 1823, harin da ya faɗa wa garin Fulani aka fatattake shi. Ta haka Bello ya nuna wa baƙon cewa ya san abin da abokan tafiyarsa suka shiga a Borno.

Da Bello ya tambayi abin da zai fi faranta ran Sarkin Ingila, Clapperton ya ce a taimaka a hana fataucin bayi zuwa bakin teku. Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan fatauci a 1807, jiragen yaƙinta kuma na sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama jiragen bayi. Amma a ranar da ake wannan magana a Sakkwato, bayi kusan 800,000 na noman rake da sauran ayyuka a yankunan mulkin Birtaniya, kuma sai a 1833 majalisarta ta yi dokar 'yanta su. A ɓangaren Bello ma, noma da saƙa da fatauci na daular sun dogara ƙwarai a kan aikin bayi. Abin da ɓangarorin biyu suka tattauna ya tsaya ga fitar da bayi zuwa teku, bai taɓa bautar cikin gida ba.

Sakamakon tattaunawar shi ne wasiƙar da Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu. A ciki ya amince zai hana fatakensa kai bayi bakin teku. Shi kuma ya nemi a aiko ƙaramin jakada da likita su zauna a ƙasarsa, a buɗe ciniki ta teku, a kuma aiko masa da igwa da bindigogi da albarushi. Ya ambaci Funda da Raka a matsayin wuraren da za a haɗu. Ya ba Clapperton taswirar ƙasashensa da wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda aka fassara aka buga a Landan a 1826.

Abu ɗaya ya hana shi, shi ne zuwa Yawuri da Nupe ya ga kogin da idonsa. Dalilin da aka ba shi shi ne rashin tsaro a hanya. Clapperton ya zargi Larabawa 'yan kasuwar da ke Sakkwato da zuga Sarkin Musulmi, tun da su ne za su yi asara idan hanyar teku ta buɗe. Ko ma mene ne dalilin, Bello ya yarda a yi ciniki, amma ya riƙe sanin hanyar a hannunsa.

Clapperton ya bar Sakkwato ranar 4 ga Mayu, 1824, ya bi ta Zurmi zuwa Katsina, zamanin Sarki Ummarun Dallaje. Ya tarar da ganuwa mai faɗi da gidaje a ɗan yanki kaɗan na cikinta, ya rubuta cewa tun bayan jihadi cinikin birnin ya koma Kano, ko da yake 'yan kasuwar Gadamus da Tuwat na nan, kuma aikin fata na da kyau. Ya koma Kukawa, ya ƙetare hamada tare da Denham, suka isa Ingila ranar 1 ga Yuni, 1825.

Tafiya ta biyu

Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki wasiƙar Bello da muhimmanci. Aka ƙara wa Clapperton girma zuwa kwamanda, kafin ƙarshen Agusta 1825 yana cikin jirgin yaƙi mai suna Brazen a kan hanyar Afirka ta Yamma. Tare da shi akwai Kyaftin Robert Pearce, da likitoci biyu, Robert Morison da Thomas Dickson, da baransa Richard Lander. Akwai kuma tafinta, wani Bagobiri mai suna Abubakar wanda Turawa suka laƙaba wa William Pasco. An kama shi bawa an sayar zuwa bakin teku, jirgin yaƙin Birtaniya ya kuɓutar da shi, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa. Ta bakinsa ne shugaban tawagar ya yi yawancin maganarsa da Hausawa.

A bakin teku babu manzannin Bello, babu kuma wanda ya san Funda ko Raka a matsayin tashar jirgi, domin dukansu garuruwa ne na can cikin ƙasa. Ikon Sakkwato bai kai teku ba. Clapperton ya yanke shawarar shiga ta Badagry a Disamba 1825. Kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kashe Pearce da Morison. Dickson, wanda ya bi ta Dahomey, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sauran suka isa tsohon birnin Oyo a Janairu 1826, suka bi ta Kaiama da Wawa zuwa Busa, suka ƙetare Kwara, suka ratsa Nupe ana tsakiyar yaƙin basasa.

Daga nan ne hanyarsa ta matso kusa da kudancin Katsina. Cikin damina ya bi ta Birnin Gwari da Fatika, ya shiga Zariya a Yuli 1826, zamanin Sarki Yamusa, ya isa Kano ranar 20 ga watan. Da wannan ya zama Baturen farko da ya haɗa hanyar Bahar Rum da ta tekun Gini a birni ɗaya, ya kuma auna wurin da garuruwan suke a taswira.

Wasiƙar Borno

Ƙasar da ya dawo ya tarar ta canja. Bello na yaƙi da Gobirawa a arewa, Shehu Laminu kuma na shirin kawo hari ta gabas. A Oktoba 1826 Clapperton ya riski rundunar Sarkin Musulmi a gaban Konya, birnin Gobirawa, ya ga farmakin da aka kai bai yi nasara ba. Runduna ce mai yawan dawaki da 'yan baka, bindigoginta ƙalilan. Wanda ya ga wannan rana zai gane abin da ya sa igwa ta shiga wasiƙar 1824.

Da farko an karɓe shi da fara'a. Cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da littafin lissafi na Iƙlidis. Bello ya yi murna da na Iƙlidis musamman, ya ce gidansu na da kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye. Amma jakada bai zo ba, likita bai zo ba, hanyar teku ba ta samu ba. Sannan aka gano cewa baƙon na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Shehun Borno.

Bello ya sa aka taho da Lander da kayan daga Kano zuwa Sakkwato a Disamba. Ya nemi a ba shi wasiƙar, Clapperton ya ƙi, yana cewa buɗe wasiƙar sarki zuwa ga wani sarki cin amana ne. Aka karɓe ta, aka kuma karɓe makaman. A ganin hafsan, an keta alfarmar jakada, kuma ya faɗi haka da kaushin harshe a gaban Waziri. A ganin Sakkwato, babu mai mulkin da zai bari a ratsa ƙasarsa da makamai zuwa ga wanda ya ɗaura yaƙi da shi. A farkon 1827 rundunar Borno ta kutso har ƙasar Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta ya mayar da ita.

A cikin wannan zaman ne aka shaida wa Clapperton cewa tun zuwansa na farko wasiƙa ta zo daga Borno tana gargaɗin cewa Ingilishi sukan zo ɗaya-ɗaya har su yi ƙarfi su ƙwace ƙasa, kamar yadda suka yi a Indiya. Ya nemi a nuna masa wasiƙar, ba a nuna ba, ya ɗauki maganar a matsayin ƙage. Abin da ya tabbata shi ne cewa a fadar Sakkwato ana wannan lissafi tun 1826.

Rasuwarsa

An hana shi zuwa Borno, aikin da aka aiko shi ya rushe. A Maris 1827 ciwon atuni ya kwantar da shi, Lander ya yi jinyarsa wata guda. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38. Bello ya ba da izinin binne shi a wani ƙauye kimanin mil biyar daga birnin, Lander ya karanta addu'ar binnewa shi kaɗai. Bai yi aure ba, bai bar dukiya ba. Akwai titi mai sunansa a Sakkwato a yau.

Lander ya tattara takardun maigidansa, ya koma Badagry tare da Pasco, ya isa Ingila a 1828. Aka buga littafin tafiyar a 1829. A 1830 Lander ya dawo da ƙanensa John, suka shiga kwalekwale a yankin Busa suka bi Kwara har inda ta zube a teku, a Nuwamba na shekarar. Tambayar da Bello ya ƙi bari a amsa daga ƙasarsa ta amsu daga waje.

Abin da ya biyo baya

Daga nan al'amari ya tafi mataki-mataki. Jiragen tururi na Macgregor Laird sun shiga kogin a 1832. A 1853 Heinrich Barth ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Bello, a madadin Birtaniya. A 1854 William Baikie ya nuna cewa shan kwini na kare Bature daga zazzaɓin da ya kashe su Pearce. A 1885 Joseph Thomson, wanda shi ma ɗan gundumar Dumfries ne, ya zo da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin George Goldie, kamfanin da ya samu lasisin sarauta a 1886 ya zama Royal Niger Company. Kamfanin ya gabatar wa Turai da takardar a matsayin shaidar iko da ƙasa. Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragama daga kamfanin. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Clapperton ya zo ya wuce, amma abin da ya auna ya rubuta bai tafi da shi ba. A cinikin 1824 kowane ɓangare ya nemi abu: Bello ya nemi makamai da likita da ƙofar teku, Birtaniya ta nemi sanin ƙasa da hanyoyinta. Bello bai samu abin da ya nema ba. Birtaniya ta samu nisan garuruwa, da ƙiyasin jama'a, da farashin kaya, da ƙarfin runduna, da sunayen masu gaba da juna, duk a buge a littafi.

Kudancin Katsina na cikin wuraren da sakamakon ya fi fitowa fili. A zamanin Clapperton babban garin yankin shi ne Maska, wadda ta yi suna da auduga da saƙa, tufafinta na bin fatake zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Bayan mamaya, ƙungiyar masu masaƙun Ingila da aka kafa a Manchester a 1902, wadda aka sani da BCGA, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Funtua ta bunƙasa a kan tasha da auduga, har ta zama mazaunin Sarkin Maska. Hanyar teku ta samu, sai dai abin da ke bin ta ɗanyar auduga ce zuwa Legas da Liverpool, a kan farashin da mai saye ya yanke.

A 2024, shekara 200 bayan wasiƙar Bello, aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua, domin manomi da ɗan kasuwar yankin su iya fitar da kaya zuwa ƙetare daga gida. Tambayoyin da aka yi a zauren Sarkin Musulmi su ne dai ke gaban tashar: me za a fitar, ɗanye ko sarrafaffe, wa zai yanke farashi, kuma wane ɓangare ne ya fi sanin abin da ɗayan ke da shi kafin a sa hannu.